Injin da ya Tare Mini Ƙofa

Ranar wata Asabar ta watan Yuli, shekarar 2002, da hantsi, injin wankin gidan Anti Rabi ya taso daga inda aka girke shi ya tare ƙofa, ina ciki. Ɗakin ƙarami ne, tsohon sito a bayan kicin, ƙofarsa ciki take buɗewa, tagarsa kuwa ko kaina ba zai shiga ba, ga ƙarafuna. Ina tsaye injin ya fara matse kaya, sai ƙarar ta canja, ya shiga dukan ƙasa dum-dum, kwalin omo ya faɗo daga kansa, sannan ya riƙa matsowa kamar mai ɗingishi har ya jingina da ƙofar. Makunnin wuta yana can bayansa, hannuna ba ya kaiwa. Tiyon zubar da ruwa ya fice daga makwarara, kumfa ta malale siminti, ga shi an sha gaya mana a makaranta abin da lantarki yake yi wa mai tsayuwa cikin ruwa. Na haye wani turmi da aka kife a lungu, na rungume gwiwoyina.

Sunana Zulai, ni 'yar Arikya ce. A can na tashi, cikin kunyoyin doya da gonar riɗi, muna korar tsuntsaye da gwangwani, muna ɓarar agushi har farce ya yi zafi, da la'asar mu zana 'yar gala-gala a ƙofar gida. Anti Rabi ƙanwar mahaifiyata Hauwa ce, ita ta ɗauko ni zuwa unguwar Bukan Sidi a Lafia don in ƙarasa firamare in shiga sakandare, domin a gidanmu babu mai wannan maganar. Aikina shara, wanke-wanke, jan ruwa idan tanki ya ƙafe, da goyon 'yarta Walida, wadda muke kwana tabarma ɗaya. Ban taɓa jin nauyin aikin ba. Ranar Litinin in na sa yunifom na ɗauki tsintsiyar sharar filin makaranta, ji nake babu wanda ya kai ni.

Injin ɗan Kwatano ne, fari, mai ƙofar gilashi kamar ido. Baban Walida ya kawo shi a bayan akori-kura, maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Anti takan yi wankin yara da nata a tsakiyar mako, ta watsa kayan ciki ta tafi harkarta, injin ya yi aikinsa lami lafiya. Babban wanki na Asabar nawa ne, kuma a nan Hajiya take shigowa, uwar Baban Walida, tsohuwa mai tsabta da yawan tasbihi, kunnenta ya fara nauyi. Ita ba ta yarda kayan ɗanta su cakuɗu da zannuwan mata ba, balle riga da wandon da yake zuwa masallaci da su. Kullum ita da kanta take shimfiɗa zanin gado, ta jera manyan riguna da shaddodi da tawul ɗinsa, ta ɗaure bakin tamau kamar ƙunshin mai tafiya, ta miƙo mini. "Haka za ki sa, kar ki kwance," in ji ta. Ni kuwa wace ce da zan kwance ɗaurin Hajiya?

To, duk ranar da na yi wanki sai injin ya yi girgiza. Da farko dariya ake yi, Anti ta ce ƙila bai saba da 'yan ƙauye ba. Da abin ya ƙi ƙarewa aka kira mai gyara daga cikin gari, wani dogon mutum mai Hausar kasuwa. Ya zo ranar Laraba. Ya ɗora kofin ruwa a kan injin ya duƙa yana duban ko ya karkata, ya murɗa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har suka zauna daidai, ya cusa katako a inda simintin ya yi gangare. Ya kwance bayan ya taɓa sifirin da yake riƙe da gangar da kaya suke juyawa a ciki, ya jijjiga ta da hannu yana saurare, ya kunna shi babu kaya, ya sake kunnawa da zannuwan da Anti ta watsa. Ko kofin bai motsa ba. Ya goge hannu ya ce, "Madam, injin nan ba ta da ciwo. Ƙafa lafiya, ciki lafiya. Sai dai a duba mai wankin." Wasa yake yi, har ya ƙyafta mini ido. Hajiya tana zaune a kan tabarmarta, kuma wannan maganar ta shiga kunnenta sarai.

Asabar ta zagayo, injin ya sake yi. Daga nan kalmar ta canja a gidan, aka daina cewa yana girgiza, aka koma cewa yana bori. Aka fara tambayata ko ina mafarkin ruwa, ko na taɓa faɗuwa a gindin tsamiya a garinmu. Hajiya ta riƙa turara ni da habbatussauda, tana ba ni ruwan tofi da safe. Aka ɗauke Walida daga tabarmata. Yaran layinmu da muke carafke tare, in na zo sai su tattara duwatsunsu, wata ta ce mamanta tana kira. Maganar ta bi ni har makaranta, inda aka sa mini suna Mai Inji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na fara zargin kaina. Ina kallon tafin hannuna in ce ko da wani abu a ciki da ban sani ba. Wata ranar Juma'a ina tsince shinkafa a bayan labule na ji Hajiya tana ce wa ɗanta, "In ya sake yi gobe, a mayar wa Hauwa 'yarta. Muna da ƙaramar yarinya a gidan nan."

Washegarin ne injin ya tare ƙofar. Anti da mijinta sun tafi bikin suna a Ashige tare da Walida, Hajiya kaɗai ce a gidan, a ɗakinta, da rediyo a kunne. Na yi ta kira har muryata ta dushe. Injin yana dukan ƙofa, ƙofa tana dukan bango, ni ina kan turmi ina karanta duk surar da na iya, ina haɗa wata da wata. Ba mutuwa nake tunani ba, motar Arikya nake gani, da yunifom ɗina a cikin leda. Can NEPA suka ɗauke wuta. Gangar ta rage gudu, kuma da yake babu inda zan kai idona sai gilashin nan, na ga abin da yake ciki sosai a karo na farko. Ƙunshin Hajiya ne, ya sha ruwa ya zama dunƙule guda, yana hawa gefe ɗaya shi kaɗai, ya faɗo tim, injin ya zabura. Ya sake hawa, ya sake faɗowa, injin ya sake zabura, har ya tsaya. Sai na tuna Babanmu idan zai kai doya kasuwa a keke, yadda yake raba ta buhu biyu, yana ɗaga wannan yana ɗaga wancan, domin in gefe ɗaya ya fi nauyi keken jan sa yake yi cikin ciyawa.

Sanin bai buɗe mini ƙofa ba. Na sauko na tura injin da kafaɗa, ko gezau. Ina tsoron a dawo da wuta ina cikin ruwa, na koma kan turmin. Zafin rana ya sauko ta kwano, ɗakin ya cika da warin omo da gawayi, fitsari ya matse ni, na ji kiran azahar, na ji na la'asar. Sai da su Anti suka dawo aka samo maza biyu suka ciro ƙofar daga mazauninta. Da na fito, Hajiya ta dube ni, ta dubi injin a tsakiyar hanya, ta ce, "Na gaya muku."

Da magariba, Anti tana haɗa mini kaya a jakar bakko, na gaya mata abin da na gani. Ba ta ɗago kai ba. Amma da safe da aka kawo wuta, ta ce in je in tsaya can waje gindin mangwaro, inda kowa zai gan ni. Ta ce wa Hajiya, "Mama, ɗaure mini kayan nan yadda kike ɗaure wa Zulai." Anti ta sa ƙunshin a injin da hannunta. Daga bakin get nake jin dukan, dum-dum, har kajin maƙwabta suka watse. Ta kashe, ta jira ƙofar gilashin ta saki, ta kwance ƙunshin ta barbaza kayan, ta sake kunnawa. Shiru, sai wani ɗan gurnani. Hajiya ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To. Amma kayan ɗana ba za su haɗu da na mata ba." Daga ranar na koma wanke su da hannu a bakin rijiya, kuma da murna na yi. Aka zazzage jakata, na tafi makaranta ranar Litinin. Babu wanda ya ce mini yi haƙuri.

Yanzu na gama sakandare, ina aiki a wani shagon magani a cikin gari. Injinan wanki sun fara yawa a Lafia, har yara sun san ba a sa bargo shi kaɗai. Hajiya ta rasu, kuma ni na yi mata jinyar ƙarshe, ban riƙe ta da komai ba. Amma jikina bai ji bayanin da kaina ya ji ba. In waya ta yi ɓari a kan tebur sai gabana ya faɗi, in jannareto ya tashi a bayan shago sai in nemi abin da zai fitar da ni waje. Duk ɗakin da zan shiga, sai na fara duba ta ina ƙofarsa take buɗewa. Ina kewar lokacin da nake shiga ɗaki kawai in zauna.