Igiyar Barsu

A ƙauyensu da ke bayan Kagoma, in ka ga Mama Miriyam to ka duba bayanta, za ka ga Barsu. Kare ne ja mai yagaggen kunne, shi kaɗai mijinta Wilfred ya bar mata ban da gonar citta da masara a ƙetaren kogi. 'Ya'ya duk sun watse birni. Da shi take hira, da shi take faɗa, ko coci ta shiga yana kwance a bakin ƙofa har a tashi.

Shekara da shekaru ta gadar katako suke wucewa. Wata shekara ruwan Agusta ya tafi da ita, birai kuwa suka sami gona ba mai tsaro. Dole sai jirgin Misbahu mai fito.

Ran nan kogin ya yi ja wur, yana tafe da rassan itace ba ƙara ba hayaniya. Barsu ya shinshina ruwan, ya ja da baya.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Misbahu. "Kare ba ya shiga jirgina, a ciki nake salla. Ki bar shi nan, ko ya biyo mu da iyo."

"Haba ɗana, in bar shi wurin wa? Shi ne mai korar birai."

Ta zura masa igiya a wuya, ɗaya bakin ta ɗaure a wuyan hannunta da irin ƙullin da take wa akuya ran kasuwa, wanda in an ja sai ya ƙara cijewa. Misbahu ya ce ta riƙe kawai, kada ta ɗaure. Ina! Matar da akuya ba ta taɓa ƙwace mata ba?

Da farko lafiya lau, kan Barsu na bin gefen jirgi. Suna kaiwa tsakiya ruwa ya fizge shi. Igiya ta miƙe, hannunta ya bi, jirgin ya karkata har ya fara shan ruwa. Ta kai yatsu ga ƙullin, ya riga ya nutse cikin nama. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da Wilfred ya cika.

"Mama, za mu kife!"

Misbahu bai isa ya saki sandar tuƙi ba. Da ƙafa ya turo mata wuƙarsa. Barsu ya ɗago kai yana kallonta, yana ta kokawar zuwa wurinta. Ta ce, "Yesu, ka gafarta mini." Ta yanke igiyar, ruwa ya tafi da shi.

Washegari Misbahu ya sa babban baho a gaban jirgi, ya ce duk mai kare ya zaunar da shi ciki. Har gida ya zo ya gaya mata, idonsa a ƙasa. Ta yi masa godiya. Ba ta sake yin kare ba.

Har yau in ta kwashe tuwo takan kankare ƙanzon ta fito da shi tsakar gida, sai ta tsaya da kwanon a hannu.