Malam Modu, Mai Zaunar da Haruffa

Da gari ya waye, Malam Modu yakan fito daga gidansa a Fagge ya hau adaidaita zuwa Sabon Gari, shagon buga takardu na abokinsa Chukwuma. Can a lungu yake zama gaban wata tsohuwar kwamfuta yana zana haruffa. Su kansu haruffan yake ƙerawa, waɗanda ake buga katin biki da tambarin atamfar 'yan Kwari da su.

Da can mai sassaƙa hatimi ne. Da ya koma kwamfuta sai ya tarar aikin da sauƙi: ka zana n ka juya ta, ta zama u. Sai dai harafin da aka juya ba ya yarda ya zauna a kan layi. Ko ya ɗaga sama, ko ya nutse. Malam yakan buga takardar ya ƙura mata ido, ya koma ya yi ta matsar da harafin kaɗan-kaɗan.

"Malam, wa zai lura da wannan?" Chukwuma kan tsokane shi.

"Mai sunan," in ji Malam.

Bara Felicia, matar Chukwuma, ta rasu. Malam ya ce shi zai tsara littafin jana'izarta, da sababbin haruffa don ita. Da aka buga gwaji, Chukwuma ya ga a sunan Felicia Chukwuma duka u biyun sun rataye sama da layi. Malam ya kai takardar har bakin hancinsa, ya daɗe.

"Sun zauna?" ya tambaya.

Chukwuma ya karɓe takardar daga hannunsa. A nan Malam ya gane hawan jinin idon da likita ya ce yana da shi ya gama cinye masa gani.

"Bar su haka, Malam, ba komai."

"A'a. Ta sha ba ni ruwa a shagon nan. Zauna ka sauke su, in sun taɓa layi ka gaya mini."

Haka suka yi, mai ido na dannawa yana hawaye, marar ido na jira. Aikin Malam na ƙarshe ke nan.

Malam, kai ne ka raba haruffanka kyauta ga shagunan Bata da Fagge, ba ka sa sunanka a ko ɗaya ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka haƙuri. Masu tasowa, ku koyi tsayawa kan abin da ake cewa ba wanda zai lura da shi.

Yanzu 'yarsa Khairiyya ce ke raka shi asibiti. In adaidaita ta tsaya a Bata, yakan ɗaga kai wajen allunan shaguna.

"Sun zauna?"

Sai ta duba tukuna, don ta san ba ya son a amsa masa da ka.

"Sun zauna, Baba."