Irin Geron Ɗantani

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonar Ɗantani a Tsibiri, ya sayar da jakinsa ya yi kuɗin mota zuwa Abidjan, wurin Gajere, abokinsa tun na yarinta. Ban da tabarma da buta, ɗan buhun irin gero kaɗai ya riƙo, na kakar ƙarshe da gonar ta ba shi. Bisa al'adar baƙo, ya damƙa wa mai masaukinsa shi ajiya, don wata rana zai koma gida ya shuka.

Ya kama dako a kasuwa, sau ɗaya yake cin abinci a wuni, takalminsa ma a hannu yake riƙewa kada ya suɗe.

Wata Juma'a ya sayi furar dala biyu, wato sefa goma, wurin matar Gajere. Kurɓa ɗaya ya yi ya tsaya cak. Ya leƙa bayan turminta, sai ga buhunsa a yashe, wayam.

Da ya yi wa Gajere magana, shi ko kunya babu, ya ce, "Haba Ɗantani, kai da ba ka da gona, me za ka yi da iri?"

Ɗantani ya shanye furar tas. Ragowar gonarsa ke nan a duniya, kuma sai da ya biya.