Lambatun Kakana

Duk sa'ad da na ji warin karan dawa da ya ruɓe cikin ruwa, sai in tuna da kakana. In ba ka taɓa jin warin nan ba, ka gode wa Allah. Ni na fara jinsa ina 'yar shekara tara, a fadamar ƙauyenmu da ke bayan Zakka.

Gonar kakana a kwari take. Abin da ke cetonta wani lambatu ne da iyayensu suka haƙa, mai kwashe ruwan marka ya kai rafi. Kowace bazara, kafin ruwan shuka, akan yi gayyar yashe shi. Maza na aiki da shebur, mu 'yan mata muna kai fura. Kaka yakan ɗago daga cikin ramin, gumi na zuba, ya ce, "Amarya, da wannan tsinkakkiyar furar za ki riƙe ni?"

Daga ƙasan gonarmu akwai gonar wani Alhaji, lambatun ya ratsa ta cikinta. Wata shekara ya sa aka cike nasa ɓangaren, ya ja tudun ƙasa a kan iyaka, ya dasa mangwaro a wurin. Kaka ya same shi har gida.

"Alhaji, ruwan nan ina zai bi?"

"Malam, gonata ce ko taka?"

Aka kai magana gaban mai gari, ya ce a yi haƙuri.

Marka ta zo dawa na fitar da kai. Kwana uku ana ruwa. Da ya ɗauke, gonarmu ta zama tafki. Na ga Kaka ya kutsa, ruwa har ƙirji, yana ɗaga kara ɗaya bayan ɗaya, yana saki suna sake kwanciya. Ruwan ya fi mako biyu yana kwance. A ciki ya kwaso tarin da bai bar shi ba. Aka sayar da shanun huɗa. Mutumin da bai taɓa cin hatsin kasuwa ba, sai ga shi yana aikawa awo Batsari. Bai ga damina ta gaba ba.

Alhaji ya zo ta'aziyya cikin farar riga. Kakata ta leƙa ta zaure, ta matse mini hannu har na ji zafi.

"Ki dubi fuskar nan da kyau," in ji ta.

Na kuwa duba.

Na yi karatu, na zama malamar gona. Bayan shekaru ambaliya ta ci fadamar kusan duka, aka ce za a gina magudanar siminti, aka sa ni cikin masu fitar da hanya. Hanya biyu ce. Ana iya zagayawa ta bakin daji, ana iya bin tsohon lambatu. Na tara dattawa suka nuna inda yake tun asali, na kafa turaku ta tsakiyar mangwaron Alhaji.

Ya zo yana dogara sanda, ya tsufa ƙwarai.

"'Yata, ba a iya zagayawa?"

"Ana iyawa, Baba," na ce. "Ba za a zagaya ba."

Ranar da motar haƙa ta zo, na tsaya cikin rana har ta tumɓuke bishiya ta ƙarshe. Ko ruwa ban sha ba.

Yanzu ruwa na wucewa, amma ba mai yin gayya. Leda da yashi sun fara cike magudanar, kowa na jiran hukuma. Alhaji ma ya rasu, ban je gaisuwa ba. Mahaifiyata kullum cewa take in yafe, wai ƙasa ta riga ta rufe su duka biyun. Nakan nemi yafiyar a zuciyata ban samu ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ba da gaske nake nema ba.