Kawu Bala da Kwandon Sama

Ku da kuka zauna da Kawu Bala a unguwar Naif ta Dubai kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya lashi yatsa ya ɗaga, ya ji inda iska ta nufa. Ko da cikin shago ne, ƙarƙashin fanka! Tsohon sojan sama ne, ya tuƙa jirgin yaƙi, ya sha dirowa da lema. Da ya yi ritaya sai ya zo Dubai yana ɗaga masu yawon buɗe ido a ƙatuwar balan-balan mai kwando.

Amma mutumin nan bai taɓa shiga kwalekwalen fito na mashigin Al Ras ba. Na tambaye shi dalili, ya ce in injin jirgi ya mutu yana da lema, a ruwa fa me zai buɗe? Sai ya zagaya ta gada, mu muna tsallake muna jiransa.

In ya bi jirgin fasinja zuwa Kano kuwa, ana sauka zai tare ma'aikaciya a ƙofa: "Ki faɗa wa direbanku ya jibge mu kamar buhun gero."

Ni dai tawa damuwar daban. Babana ya ce duk manemin aurena da Kawu ya amince da shi, shi ma ya amince. Da Nura, akawun wani kamfanin kargo, ya zo neman aurena, Kawu ya ce sai mun hau sama mu uku. Murna kamar me! Na riga na gama tsara abin yadda nake karantawa a littattafan soyayya: rana na hudowa, hamada ta yi ja, masoyi na zuba kalamai.

Kwando na barin ƙasa Nura ya durƙusa ya rungume tukunyar gas.

Kawu ya ce, "Yalla, ango, tashi ka ga raƙuma."

"Kawu, tsoro nake ji. Wallahi ba zan iya ba."

Na ce a raina shi ke nan, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba. Kalma ɗaya mai daɗi ban samu ba sai Ayatul Kursiyyu da yake ta karantawa.

Muna sauka Kawu ya kira Babana a gabanmu. Ya ce a ba Nura aurena, khalas, magana ta ƙare. Wai duk samarin da ya hau da su cewa suke ba komai, alhali a tsorace suke. Wannan kuwa bai iya ƙarya ba.

A mota na kasa haƙuri, na tambayi Kawu ko shi ma ya taɓa jin tsoro a sama.

"Kullum, 'yata. Ba wanda ya taɓa tambayata ne."

Bai ga ranar ɗaurin auren ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya amintar da shi daga dukkan tsoro. Amin.