Mun Wuce Al Bidda Sau Biyu

Wautata ɗaya ce a ranar: na gyara wa Kawu magana a gaban abokansa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mai gadi ne, masaukinsu na ma'aikata yana bayan unguwar Asian Town a Doha. Tun lokacin korona motar kamfani ce ke kai shi aiki ta dawo da shi, jirgin ƙasan Doha kuwa da kyar ya san ƙofarsa. Ni kullum shi nake hawa zuwa makaranta. Da gasar kofin duniya ta zo, maigidansa ya ba shi tikiti huɗu, ya ɗauke ni da abokansa biyu. Ban taɓa shiga babban filin wasa ba. Na yi wa duk ajinmu alkawarin za su gan ni a talabijin.

Muna cikin jirgin koren layi na ce, "Kawu, a Al Bidda za mu sauka mu kama jan layi. In muka kai Msheireb, sai mun dawo baya ta nan ɗin."

Abokinsa ɗan Zangon Kumasi ya ƙyalƙyale da dariya. "Alhaji, ashe ka zo mana da malami!"

Shi ke nan. Fuskar Kawu ta murtuke. "Kai, yaushe aka haife ka? Kowa ya san a Msheireb ake canji. Zauna. Khalas, magana ta ƙare."

Da ma a kunne na raɗa masa, da ya miƙe ya faɗa kamar shi ya gano. Amma yanzu ko jirgin ya kama da wuta ba zai sauka a Al Bidda ba, tunda ni na faɗa. Da muka iso tashar, ƙofa ta buɗe, ta tsaya tana kallona, ta rufe. Na ji kamar in cinye kujerar.

A Msheireb muka tarar da duniya kaf, har da waɗanda ba a haifa ba. Aka sa mu cikin shingen ƙarfe muna zagaye kamar awaki, sama, ƙasa, ma'aikata na ta ihun yalla yalla, wai mu yi sauri. Wani ƙato mai ganga ya taka ni har sai da na tuna sunan kakata. Jirgi na zuwa cike, yana tafiya ba mu.

Da muka samu shiga, tashar farko da ya tsaya ita ce Al Bidda. Na buɗe baki. Kawu ya zuba wa takalminsa ido kamar yau ya saye shi.

"Malam, ka san garin nan?" in ji ɗan Kumasi.

"Ban taɓa gani ba, Yaya," na ce, haƙorana a datse.

Abin da ke ƙona min rai har yau, ko a hanyar dawowa bai ce na yi gaskiya ba. Shayin karak ya saya min, wai in huce.

Ana hutun rabin lokaci muka shiga filin. Duk ƙwallayen wasan an riga an ci su kafin mu zauna, kuma ba a ƙara ko ɗaya ba.