Ƙasar Kawu a Cikin Leda

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na shiga jami'a a Tawa, ban jin akwai wanda ya kai ni ɗaukar kai a duk faɗin Adar. Har tabarau na saya, alhali idona garau yake. A cikin darussan shekarar farko akwai na sanin muhalli, kuma shi ya fi hura mini kai, don kullum sai na fito aji da sabuwar kalmar Faransanci mai tsawo wadda zan je in tsorata mutanen ƙauyenmu da ita.

Mai koya mana wata Madam ce, Kirista daga kudu, gajera, ba ta da wasa da lokaci. Ita ta fara nuna mana hoton wasu ramuka a jere cikin gona, ta ce wannan dabara ce ta raya mataccen fili: a haƙa rami, a zuba taki, ruwan sama ya kwanta a ciki, gara ta zo ta huda ƙasa, sai a shuka hatsi. Na rubuta shafi uku. Da na je gida hutu na zaunar da Baba na karanta masa duka, ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe yana sakace, sannan ya ce, "To, tasa ke nan. Ita nika yi tun kana goye." Ni kuwa na ce masa ai tasu ta littafi da bambanci. Wallahi babu wani bambanci, girman kai ne kawai.

Gonar da Baba yake wa tasar nan ba tamu ba ce, kuma wannan shi ne tushen labarin. Ta wani dattijo ce, ɗan uwan Inna na nesa, muna ce masa Kawu. Shi ya ara wa Baba ita tun ina ƙarami, lokacin fako ce tsirara, ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Baba ya bi ta da diga rani bayan rani, yana kai taki a jaki, yana jera duwatsu don tare ruwa, har ta zama ita ke cika mana rumbu. Ba takarda, ba shaida, magana ce kawai tsakanin manya. 'Ya'yan Kawu da ke Abijan kuwa sun daɗe suna buga masa waya cewa aro idan ya daɗe yakan manta hanyar gida. Duk na san wannan, amma ilimi ya rufe mini ido.

Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka Madam ta ba mu aiki. Kowa ya je ƙauyensu ya kawo ƙasa kala biyu, ɗaya daga gonar da ake kula da ita, ɗaya daga mataccen fili, a auna su a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a ga bambanci. Ta koya mana yadda ake ɗiba: kusurwa huɗu da tsakiya, zurfin taki ɗaya na hannu, a gauraya, a ƙulle a leda, a rubuta sunan wurin a takarda a jefa ciki. Ta ce kuma a kafa alama a kowane rami, ko za a so a koma.

Na sauka ƙauyenmu, can gefen Kalfu, ranar Juma'a da yamma. Ban gaya wa kowa abin da ya kawo ni ba, don a ganina ba za su gane ba. Washegari ana sallame sallar asuba na ɗauki hauya da baƙaƙen ledoji na zame, ina so in gama kafin rana ta yi zafi in samu motar Tawa. Na je kusurwar gabas na tona na ɗiba. Na taka zuwa ta kudu ina ƙirga sawuna a bayyane, da Faransanci, don kada in ɓata lissafi. Haka na zagaye kusurwa huɗu, na koma tsakiya. Kowane rami na kafa masa kara, na ɗaura masa jan ƙyalle da na yago daga tsohon zanen Inna. Sannan na tsuguna na rubuta 'yar takarda, na naɗe ta ƙanana, na cusa cikin ƙasar na ƙulle bakin leda tamau. Na haura sauran fakon Kawu da ke maƙwabtaka, wanda ba a taɓa sa masa diga ba, na maimaita komai.

Mai karatu, in kai ɗan ƙasar nan ne ka riga ka dafe kai. Ni kaɗai ne a duk Adar ban ga abin da na yi ba. Kusurwa huɗu da tsakiya, da duku-duku, da surkulle a baki, da jan ƙyalle, da rubutu a naɗe cikin ƙasar gonar mutum! Ko boka ne ya aike ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ashe kuma ƙanwar Kawu, wata tsohuwa mai ido kamar na shaho, tana bayan sabara tana tsintar ƙirare, ta ga komai daga farko har ƙarshe. Ni ban gan ta ba. Na rataya ledojina na shiga mota ina ji da kaina.

Kwana huɗu bayan haka wayata ta yi ƙara ina tsakiyar cin shinkafa da wake a bakin ƙofar jami'a. Baba ne. Baba bai taɓa kirana ba, kullum Inna ke kira ta miƙa masa. Ko gaisuwa bai tsaya amsawa ba.

"Kai, mi ka ɗauka gonar Kawunka?"

Na ce ƙasa ce kawai, ta karatu.

"Ta karatu. To, an ce ni na aike ka ka kai ma malami a ɗaure gona ta zama tamu. Kawunka ya ce bana kada in sa mata iri. Ka maido ƙasar mutane ran kasuwa, duka, ko tsinke kada ya ɓace."

Ya kashe. Na ture kwanon shinkafar gefe. Sai lokacin na ga karan nan da jajayen ƙyallayensu suna kaɗawa a gonar mutane, na ga yadda za su kasance a idon wanda bai taɓa shiga ajin Madam ba. Na ji tsoro na gaske, don in gonar nan ta tafi, ba mu da wata. Ƙannena biyar, da Inna, da ni kaina mai tabarau, duk daga ramukan nan muke ci.

Na ruga labo. Na tarar da Madam da farar riga, na zayyana mata komai. Da farko dariya ta kama ta har ta zauna a kan kujera tana share ido. Da na kai ga maganar gona sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Na koya muku zurfi da kusurwa, na manta in ce ku fara sallama ga mai gona. Wannan laifina ne da naka, mu raba." Sannan ta kai ni inda aka ajiye samfurorin.

Innalillahi! An riga an yi wa ƙasar Kawu aiki. An gasa ta a tanda don ta bushe, an daka, an tankaɗe, an jiƙa wani kason a kwalba an girgiza. Ta gonar Baba da saura mai ɗan yawa. Ta fakon kuwa, wadda rabinta tsakuwa ce aka zubar, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Yaya zan je in ce wa dattijo an soya ƙasarsa an tankaɗe kamar garin tuwo? Kuma Baba ya ce duka.

Nan na ƙara wauta a kan wauta. Na zaga bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, inda muke shanya, na dumbuzi ƙasa na cika ledar fakon har ta koma yadda take. Na ce a raina ai ƙasa ƙasa ce, wa zai gane? Ka ji fa, mutumin da ya yi wata shida ana koya masa cewa ƙasa ba ɗaya ba ce.

Ran kasuwa bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan Kawu, ƙarƙashin itacen bedi. Na zaci mu uku ne. Ina! Rabin gari ya hallara, har da masu cewa sun biyo ne kawai za su wuce. Ƙanwar Kawu tana daga bakin zaure ta riƙe ƙugu, an kuma tsige karan nan goma an jera su a gaban tabarma da ƙyallayensu, kamar kayan sata a gaban alƙali. Inna ta leƙo ta katanga ta gane zanenta, ta yi salati ta koma.

Baba ya zauna gefe, kansa a ƙasa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na durƙusa na gaida Kawu, na fara bayani. Na ce zaizayar ƙasa, na ce kwararowar hamada, na ce sinadaran da ke ciyar da tsiro. Na zaro takardar sakamako da Madam ta ba ni da hatiminta. Tsohuwar ta ce daga zaure, "Ga ta nan, wata layar ce ya zo da ita!" Mutane suka kwashe da dariya, Kawu bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce in bar surutu in ba shi ƙasarsa.

Na miƙa ledar fakon. Ya sa aka kawo faifai ya juye. Ya dube ta, ya murza da yatsu, ya bari ta zuba ta tsakaninsu. Ya tsinci wani abu ya ɗaga sama, ashe guntun murfin bik ne, biron da muke rubutu da shi.

"Wanga rairayin birni ne," in ji shi. "Har ƙanshin sabulu shikai. Fakona ja ne, in ka murza shi sai ya ci maka hannu. Ɗan nan, ƙasar wa ka kawo mini?"

Na rasa inda zan sa kaina. Gumi ya sa tabarau ya zamo mini a hanci, na cire shi na sa aljihu, kuma tun ranar ban sake sa shi ba. Na faɗi gaskiya duka: tanda, turmi, rariya, bayan ɗakin kwana. Da na ce an gasa ta, wani tsoho ya tambaya ko da gishiri aka ci. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na saci kallon Kawu na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Boka dai ba ya aiki da sakarai irin wanga." A rayuwata ba a taɓa zagina na ji daɗi irin na ranar ba.

Amma maganar gona tana nan, ba a taɓa ta ba. Ya miƙo hannu na ba shi leda ta biyu, ta gonar da Baba ke nomawa. Ya juye a wani faifan. Wannan baƙa-baƙa ce, mai laushi. Ya daɗe yana murzawa. Ya tofa ɗan yawu a tafinsa ya cuɗa ta, ta dunƙule. Ya kai hanci ya shinshina.

"Wagga ma ba tawa ba ce."

Na miƙe zumbur ina rantsuwa. Na ce wallahi tallahi wannan ban taɓa ta ba, daga gonarsa na ɗebo ta, kusurwa huɗu da tsakiya, tsohuwa ma shaida ce. Tsohuwar ta ce ƙwarai kuwa, da idonta ta gani. Karon farko ke nan da muka tsaya gefe ɗaya ni da ita.

"Zamna," in ji Kawu. "Na san inda anka ɗebo ta. Na ce ba tawa ba ce." Ya juya wajen Baba, bai ƙara kallona ba. "Abin da na ara maka dutse ne. Ni na san abin da na ba ka, shekara nawa ina wucewa ta kanshi ban ko tsaya ba. Wagga ƙasa ba ta nan sa'ad da na ba ka wurin. A bayan jaki ta zo, kwando-kwando, ina zamne nan ina kallonka kana wucewa."

Na ga Baba yana ta gyara bakin hularsa, wadda ba abin da ya same ta.

Kawu ya ce fili nasa ne, kuma na 'ya'yansa ne bayansa, wannan kowa ya ji ya riƙe. Amma muddin yana numfashi ba mai hana Baba shuka a ciki, na Abijan kuwa in suna son gona ga sauran fako nan, ga diga, su zo. Sannan ya tattara ƙasar faifai na biyu da hannunsa, a hankali, har da wadda ta maƙale a saƙar, ya mayar cikin leda ya ƙulle.

Na miƙa hannu zan karɓa, don har lokacin ina tunanin aikin Madam. Ya buge mini hannu.

"Ba kai ba. Kai ka tafi da rairayinka."

Ya miƙa wa Baba ledar da hannu biyu.

Washegari da safe na bi Baba gona, wannan karon da sallama ga duk wanda muka gamu da shi. Ya tsaya a bakin wani ramin tasa ya kwance ledar ya juye ta ciki, ya karkaɗe ta sarai. Sannan ya miƙo mini diga ya ce saura rami ɗari biyu kafin ruwa, tunda na karanta shafi uku a kai, in nuna masa irin ta littafi.